Abin Da Ba Ya Faɗuwa A Zaure: Matan Hausa Da Littattafansu

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota. Tun magariba aka ɗauke wuta, yara sun yi barci a kan tabarma, maigida bai dawo daga majalisa ba. A bakin gado matar gidan ce zaune, ta duƙufa a kan wayar da cajinta ya kusa ƙarewa, manyan yatsunta biyu na ta kai-komo. Ba hira take yi ba. Babi na arba'in take ƙarasawa na wani labari da ta faro tun kafin azumi.

Tana tura shi zauren WhatsApp, ko ajiye wayar ba ta yi ba saƙonni suka fara shigowa. Wannan na ja wa mijin cikin labarin Allah ya isa, waccan na roƙon kada a mai da yarinyar gidan tsohon. Akwai kuma wadda ba za ta iya magana cikin jama'a ba, sai ta biyo ta gefe ta ce, Anti, ai rayuwata kika rubuta, wa ya ba ki labarina?

Irin wannan ɗaki yana nan birjik a Kano da Katsina da Zariya da Gusau, har Maraɗi da Damagaram. Kuma gwargwadon yawan masu karatu, gwargwadon yawan masu kuka da abin da ake karantawa. Iyaye na cewa 'ya'yansu mata sun daina barci, malamai na ambaton littattafan a wa'azi, ana ta kiran hukuma ta sa baki. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango sama da 20, bisa dalilin ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su. Da yawa daga masu rubuta irin waɗannan fina-finai kuwa da littafi suka fara.

Rigimar ba ta yau ba ce. Shekara kusan arba'in ke nan ana zagin wannan rubutu. An raina shi a jami'a, an ƙona shi a bainar jama'a, ya ƙi mutuwa.

Kafin mace ta riƙe alƙalamin boko

A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari da Hausar boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya yi tare da East. Duk maza. Aka yi kusan shekara hamsin a haka, mace tana cikin labari amma ba ita ke ba da shi ba.

Ba wai matan ba su da ta cewa ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura matan da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. A tsakar gida kuwa akwai waƙar niƙa da ta daka da ta daɓe, inda mace kan zuba wa kishiya ko uwar miji ko mijin kansa habaici tana cikin aikinta, ba mai cewa ta yi rashin kunya tunda ba ta kama suna ba. Akwai amada, wadda Barmani Choge ta fito da ita har rediyo. Sai dai mafi yawan wannan iska ke ɗauke shi. Ana kife turmi, magana ta ƙare.

Sai a 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, bayan ya yi na biyu a gasar da kamfanin ya sa. Shi ake ɗauka littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Bafulatana ce da ta dage sai ta auri wanda zuciyarta ke so, ko da ba jininsu ɗaya ba. Tun daga littafin farko ke nan, maganar ita ce: wa zai zaɓa wa yarinya miji?

Da kamfanoni suka durƙushe

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zuba yara makaranta fiye da kowane lokaci a baya. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a Kano, matan aure da zawarawa suka riƙa fita ajin yaƙi da jahilci. Kafin a yi shekara goma an samu dubban mutanen da Turancinsu bai kai su karanta jarida ba, amma Hausa kam suna karanta ta tiryan-tiryan. Ga masu karatu, babu abin karantawa.

A daidai lokacin ne matsin tattalin arzikin da ya biyo tsarin SAP na 1986 ya karya manyan kamfanonin ɗab'i. Takarda ta yi tsada, ba mai buga littafin da ba ya cikin manhajar makaranta. Sai matasa suka daina jira. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta mai layi-layi, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗin adashi ko ya sayar da keke, ya kai ƙaramar maɗaba'a a buga masa kwafi dubu ko dubu biyu. Mace kuwa sau da yawa ɗan kunnenta na zinari ta sayar. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a tsakiyar shekarun 1980.

Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka yi fice. In Da So Da Ƙauna na Ado, wanda ya fito a 1991, ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. A cikinsa Sumayya ta gwammace ta faɗa rijiya da ta auri mai kuɗin da aka zaɓa mata. Littattafan ƙanana ne, takardarsu mai arha, ana raba labari kashi biyu ko uku domin a sayar da na ɗaya a buga na biyu. Tasirin fina-finan Indiya da aka sha kallo a silima a fili yake a cikinsu, ba mai musu. Amma auren dole ba daga Bombay aka kawo mana shi ba.

Maimaita min wurin nan

Ni a bakin wata gwaggota na gane abin da waɗannan littattafai suke. Ba ta yi boko ba. Bayan sallar isha'i takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙara wa fitilar ƙwai lagwani, ta miƙo min littafin da aka karɓo haya a shagon bakin layi, wanda dole a mayar gobe kafin la'asar. Ni ke karatu, ita da abokiyar zamanta suna saurare, ɗaya na ɓarar gyaɗa, ɗaya na tsifar kai.

Wata rana na zo wurin da aka saki wata mata da tsakar dare, aka watso mata kwanukanta waje. Gwaggo ta tsai da ɓarar gyaɗar. Ta ce, ke 'yar nan, maimaita min wurin nan. Na maimaita. Ba ta ƙara cewa komai ba, abokiyar zamanta ma ba ta ɗago kai ba. Sai da na girma na ji cewa haka aurenta na fari ya mutu, kuma ba ta taɓa ba kowa labarin da bakinta ba. Abin da aka ce mata a lokacin shi ne abin da ake ce wa kowace mace: ki yi haƙuri, ki rufa wa kanki asiri.

A daren nan wata mata da ba ta san ta ba ta faɗi abin a madadinta, da Hausar da take ji, kuma ta nuna cewa zalunci ne.

Balaraba

Duk mai son gane wannan rubutu ya fara da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad ce, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Daga baya ta koma karatu ta ajin manya, ta kama alƙalami.

Budurwar Zuciya, na 1987, a kan alhajin da ya mai da auri-saki sana'a yake. Wa Zai Auri Jahila? na 1990 labarin Abu ne, wadda mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da dattijo Sarkin Noma. Ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta dawo ita ce mai ɗaukar nauyin waɗanda suka tauye ta.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi na da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rowa a gida mai sakin hannu a waje. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da Saudatu gidan mutunci. Shi kuma gobara ta cinye masa shago, duniya ta juya masa baya. Mai karatu na jiran a ce Rabi ta huta. Ina! Mazan dangi suka taru suka matsa mata sai ta karɓe shi, ta koma ita ke ci da shi.

Mata da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe. Ni ina ganin nan ne Balaraba ta fi gaskiya. Ba ta yi wa mai karatu daɗin baki ba. Ta nuna yadda abin yake ƙarewa a gidajenmu, ta bar ɗacin a bakin kowa. An mai da littafin fim a 1998, sannan a 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Turancin da Aliyu Kamal ya yi masa.

Akwai abin da masu kallo daga waje kan kasa gani. Matan nan ba su fita daga addini ko Hausanci don su yi magana ba. Daga ciki suka tsaya. Hujjarsu ita ce Musulunci ya ce a nemi yardar budurwa kafin a aurar da ita, ya wajabta neman ilimi a kan mace da namiji, ya ɗora wa miji ci da sha da sutura da adalci tsakanin mata. Taurarin Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, mata ne masu salla da lulluɓi da digiri, masu ladabi ga miji amma ba sa yarda a taka su. Rahma Abdulmajid kuwa ta sa wa babban littafinta suna Mace Mutum. Sunan kaɗai ya isa muhawara.

Masu suka, da gaskiyarsu

Tun farkon shekarun 1990 manazarcin adabi Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onisha da suka yi tashe suka shuɗe. A ganinsa rubutu ne na neman kuɗi, marar zurfi, da ba zai daɗe ba. Aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu, musamman a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ya riƙe. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya wa marubutan, yana nuna cewa sun sa matasa karanta harshensu da kuɗin aljihunsu, abin da gwamnati ta kasa.

Ba duk sukar ce ta ƙiyayya ba. Ƙa'idar rubutu ta sha wuya a littattafan nan: a haɗe inda ya kamata a raba, a raba inda ya kamata a haɗe. An yi ta kwafar labarin juna. Kuma iyayen da ke kuka da dogon buri suna da hujja. Har karin magana ya zama a tsakanin 'yan mata, a ce wance mijin nobel take jira, wato dogo, kyakkyawa, mai gidan bene da motoci, wanda ba ya faɗa ba ya gajiya. Yarinyar da ta shiga gidan ɗan acaɓa da wannan hoto a kanta za ta sha wahala, shi ma ya sha.

Inda na rabu da masu sukar shi ne inda suke cewa littattafan ne suka lalata aure. Zawarawa sun cika gidajen iyayensu tun kafin a buga Rabin Raina. Littafi ya tarar da gyambon ne, ya ɗaga zanen da aka rufe shi da shi.

Shekarun ƙuna

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona tarin littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a gaban jama'a. Dalilin da aka bayar shi ne suna ɓata tarbiyya suna hana karatu.

Daga baya a shekarar aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. A 2008 hukumar ta nemi kowane marubuci ya yi rajista, ya kuma kai rubutunsa a duba kafin bugawa. Ƙungiyoyin marubuta suka ƙi, aka yi ta ja-in-ja kafin a zauna teburin sulhu. A wannan zamani ne aka ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, aka kuma kama Aminu Ala, wanda marubucin littafi ne kafin waƙa ta fito da shi, a 2009.

Abin lura, a farkon 2009 ɗin ne ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Altine Abdullahi ta shirya gangami a Kano don nuna yawan sakin aure, Hisba ta hana. Abin da aka hana faɗa a titi yana nan a rubuce a shagunan haya tun shekara ashirin kafin nan. Daga baya hukuma da kanta ta dawo kan maganar: aka fara auren zawarawa na gwamnati a 2012, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi ta kiran a yi dokar iyali a 2017, Kano ta sa hannu a dokar kare yara a 2023. Ba na cewa littattafai ne suka kawo waɗannan. Na dai san su suka riga kowa faɗa.

Daga takarda zuwa waya

Yau shagunan haya sun zama na cajin waya da sayar da kati. Rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad da Facebook da manhajoji irin su ArewaBooks, waɗanda ba su iya karatu ba kuma suna saurare a YouTube, kamar yadda iyayensu suka saurara a rediyo. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi ta ce daga nan na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusu a aiko da shaidar biya. Da wannan wasu ke biya wa yara kuɗin makaranta ba su taka ƙofar gida ba.

Da yawansu ba sa sa sunansu. Maman wane, Ummu wance, Matar wane. Wata don kunya, wata don miji bai sani ba, wata don labarin na gidansu ne kuma dangi na cikin zauren.

Sai ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ta mata zalla. Labarin da ya fara cinye ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira ne. Na 2021, Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil, a kan fyaɗe ne da yadda ake danne maganarsa don gudun abin kunya. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauke kambin da Garar Biki. Wanda duk yake zaton matan nan soyayya kaɗai suka iya, ya duba abin da suke rubutawa in an ba su fili.

Amma waya ta zo da nata ciwon, kuma ba zan ɓoye shi ba. Akwai masu rubuta batsa tsagwaronta don ta fi saurin kawo kuɗi, kuma tana faɗawa hannun yara 'yan shekara 13 da ba mai tambayarsu shekarunsu. Wannan ba 'yancin faɗar albarkacin baki ba ne, cin amanar waɗanda suka sha zagi suka share hanyar ne. Marubutan kirki su suka fi kowa jin zafinsa, don da shi ake yi musu kuɗin goro, kuma shi ne sandar da za a ɗauka ranar da aka tashi rufe bakin kowa. Gyaran da zai yi tasiri daga ƙungiyoyin marubutan zai fito, su da suka san wace ce wace. Hukumar da ke Kano ba ta da hannun da zai kai kowane zaure.

Ga kuma sata. Mace ta yi wata shida tana rubutu, wata ta biya sau ɗaya ta watsa shi kyauta, wani ya karanta a tasharsa ta YouTube yana karɓar kuɗin talla ko sallama bai yi mata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne adanawa. Littattafan shekarun 1990 an ɗan tsira da wasu, domin Abdalla Uba Adamu ya tara, Graham Furniss ma ya tara wasu a makarantar SOAS da ke Landan. Na gwaggota, 'yan kaɗan da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, a cikin kwalla ta ajiye su ƙarƙashin gado. Da muka buɗe bayan rasuwarta gara ta cinye rabi, amma akwai na ɗagawa a nuna wa jikoki.

Na yanzu ko kwallar ba su da ita. In aka sace waya, ko aka rufe zaure, ko marubuciya ta yi aure miji ya ce a goge, shi ke nan labari ya tafi da duk abin da ya ɗauko na zamaninsa: tsadar masara, garkuwa da mutane, zaman sansani, sakin da aka yi ta saƙon waya. Babi na arba'in ɗin da aka tura daren jiya yana cikin wayar da ta mutu kafin asuba, tana kan taga ana jiran a kawo wuta.